Akwatin taba da wuƙar aljihu: aikin hannun da aka danne sunan masu shi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wata sana'ar hannu ta ƙasar waje, wadda nake jin yawancin masu karatu ba su taɓa cin karo da labarinta ba. Duk lokacin da jaridu suka taso da zancen sake sarrafa shara, leda da roba da gwangwani ake lissafawa, sai kuma ƙarafan 'yan jari-bola. Katako ba ya shiga lissafi, don kowa ya ɗauka ƙarshensa murhu. Ni tsohon malamin aikin katako ne, na yi ritaya daga makarantar koyon sana'a, kuma har gobe ina da ɗan shago da yaran da nake koya wa aiki. Don haka idan na ga an tara guntayen katako mai kyau an ba mai waina ko mai tsire, abin yana yi mini ciwo.

Sana'ar da nake nufi ta yi tashe ne a Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai, musamman Jamus, tun daga wajen 1870 har zuwa wajen 1940. Masu tara kayan tarihi suna kiranta tramp art, wato fasahar 'yan gararamba, kuma zan dawo kan wannan suna don ina da ja a kansa. Na fara riƙe irin wannan aiki a hannuna a wata kasuwar tsofaffin kaya a jihar Pennsylvania, lokacin da na je wajen ɗana. Ƙaramin akwati ne na ajiye allura da zare, ya yi duhu saboda tsufa. Tun daga nan na bi diddigin abin, na karanta abin da na samu, na kuma gwada da hannuna.

Ga yadda aikin yake. Mutum zai samo tsohon akwatin taba na katako, ya ɓaɓɓare shi a hankali, ya cire ƙusoshi, ya kankare takardun da aka manna. Abin da zai rage masa shi ne 'yan falle-fallen katako sirara, kaurinsu 'yan milimita kaɗan. Sai ya yayyanka su, wannan ya fi wancan girma da ɗan kaɗan, wancan ma ya fi na gaba da shi, har a kai ga ɗan mitsitsi. Daga nan sai ya ɗauki wuƙar aljihu ya bi gefen kowane falle yana ɓantarar ɗan loko: yanka ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, su haɗu a ƙasa, ɗan tsinin katako ya faɗo. Haka zai yi ta jera haƙora har ya zagaye gefen duka. Idan ya gama sai ya ɗora su hawa-hawa, babba a ƙasa ƙarami a sama, ya kama su da gam ko da 'yan ƙananan ƙusoshi, sai ka ga ɗan dala ya tashi. Irin waɗannan dala da jerin haƙora su ake rufe jikin akwati da su, ko firam ɗin hoto, ko na madubi.

A baki abin ba wuya. Amma duk wanda ya taɓa riƙe wuƙa a kan katako ya san inda gizo ke saƙa. Katako yana da hanyar da zarensa ya bi. Idan kana yanka a gefen da ya bi zaren, wuƙa takan so ta zarce ta tsage fallen gaba ɗaya. Idan ka juyo gefen da ya gitta zaren, sai haƙorin da ka gama ya ɓalle yayin da kake yanka na kusa da shi. Ga falle siriri, ba wurin gyara kuskure. Sannan dole tazarar haƙoran ta zo daidai, zurfinsu ya zo daidai, kuma idan an kai kusurwa su haɗu ba tare da an ga inda aka yi ciko ba. Akasarin masu wannan aiki ba su auna kowane loko da ma'auni ba, hannu ne ya saba, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ƙaramin akwati ɗaya yana iya ɗaukar dubban loko. To ina ga kabad mai tsawon mutum, ko gidan agogon tsaye, waɗanda su ma an yi su da wannan hanya kuma suna nan a gidajen tarihi?

Kyan abin ba ya fitowa sosai a hoto. Sai ka sa shi kusa da taga. Kowane loko yana riƙe 'yar inuwarsa, kowane hawa yana jefa inuwa a kan na ƙasa da shi, sai katakon da asalinsa shimfiɗaɗɗe ne ya koma mai tudu da kwari, kuma yana sauya kama yayin da rana ke juyawa. Wasu sukan haɗa katako mai duhu da mai haske suna musanya su hawa bayan hawa. Wasu sukan shimfiɗa karammiski a ciki, su kafa ƙusoshin tagulla, su manna ɗan madubi a murfi. Zanen da aka fi yi su ne tauraro da zuciya da lu'ulu'u mai kusurwa huɗu. Da yake Kiristoci ne mafi yawansu, an yi gicciye da 'yan akwatunan ibada masu yawa. Akwai ma wani reshe na aikin da ba gam ba ƙusa: 'yan sanduna ne ƙanana ake yi wa loko, a sarƙe su cikin juna har su zama firam, kuma su riƙe kansu da kansu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda katakon ya fito, domin dokar haraji ce ta haifar da shi. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, gwamnati ta nemi kuɗi ido rufe, sai ta ɗora haraji a kan taba, har da irin mai kaurin nan da ake naɗewa da ganyen taba maimakon takarda. Don kada a zille wa harajin, dokar 1865 ta wajabta a zuba wannan taba cikin akwati. Ana manna takardar haraji a bakin akwatin yadda ba za a buɗe ba sai an yaga ta. Bayan 'yan shekaru kuma aka riƙa manna gargaɗi a jikin kowane akwati, cewa laifi ne a sake zuba taba a cikinsa bayan ta ƙare. Ka ga ke nan duk akwatin da aka sayar da abin cikinsa ya tashi daga aiki. Masu kanti suna jibge su a bayan shago, wanda ya roƙa a ba shi, ko ya saya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba ina yabon taba ba ne, Malam Edita, cutarta ba ɓoyayya ba ce. Maganar akwatin nake.

Kuma ba katakon banza ba ne. Akwatuna masu kyau ana yin su da wani itace na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da masana ke kira Cedrela odorata, mai ƙamshi, mai laushi a bakin wuƙa, wanda ƙwari ba sa son sa. Dangin maɗacinmu ne, shi da darbejiya duk gida ɗaya masana tsirrai suka sa su, kuma duk kafintan da ya saba da maɗaci zai gane jan launin da ya gani. Masu araha kuwa ana yin su da farin katako a lulluɓe da ɗan siririn falle na mai tsadar. Wato talakan da ba zai taɓa iya sayen irin wannan katako a kasuwa ba, sai ga shi yana samunsa kyauta, an riga an fere masa shi, an goge. Da akwatunan taba suka yi kaɗan ga babban aiki sai a haɗa da akwatunan 'ya'yan itace da na jigilar kaya. Har yau idan ka juya ƙasan irin waɗannan ayyuka, ko ka zaro durowa, sau da yawa za ka ga sunan kamfanin tabar ko ragowar takardar haraji, kuma da su ne masu bincike ke ƙiyasta shekarun aikin.

Yanzu ga inda nake da ja. Masu yin wannan aiki ba su taɓa kiransa fasahar 'yan gararamba ba. Sunan ya fito ne a rubuce a 1959, bayan aikin ya riga ya mutu, a wata maƙala da Frances Lichten, mai nazarin fasahar gargajiyar Jamusawan Pennsylvania, ta rubuta a wata mujallar al'adun jihar. Labarin da ya bi sunan yana da daɗin ji: wai mutanen da ba su da gida ba su da aiki, masu bin layin dogo gari zuwa gari, su ne ke sassaƙa waɗannan abubuwa su ba matan gida a musanya da abinci ko wurin kwana. Wasu kuma suka danganta shi da al'adar Jamus ta matasan da suka gama koyon sana'a, waɗanda ke fita yawon shekara 3 da kwana 1 suna aiki a hannun iyayen gida dabam-dabam kafin su zauna. Wannan al'ada gaskiya ce, kuma sassaƙar loko da wuƙa tsohuwar aba ce a Jamus da ƙasashen arewacin Turai, baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da ita. Ba na musun cewa wasu matafiya sun yi 'yan ƙananan abubuwa sun sayar, musamman a shekarun karayar tattalin arziki da suka biyo bayan 1929.

Amma a tambayi kowane kafinta. Gam ɗin wancan zamani na fata ne da ƙashi, sai an narka shi a wuta, a shafa da zafinsa, a danne aikin a bar shi ya kwana. Kabad ɗaya yana cin akwatuna masu yawan gaske, dole a sami inda za a tara su, da inda za a shanya ɗaruruwan 'yan guntaye a jere ba tare da yaro ko iska ta watsa su ba. Wanda duk dukiyarsa ke cikin ƙunshi a kafaɗa ba zai iya wannan ba. Da masu bincike suka bi ayyukan da aka san asalinsu, abin da suka tarar shi ne magidanta: manoma a lokacin sanyi da gona ke rufe da ƙanƙara, ma'aikatan masana'antu, masu haƙar ma'adinai, masu gasa burodi, har da wasu da ke tsare a gidan yari. Mutum ya dawo daga aiki, ya ci abinci, ya zauna kusa da fitila ya ciro wuƙarsa. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne ɗinkin hula, yadda za ka ga magidanci a zaure ko a gindin bishiya, ana hira yana soka allura, rami bayan rami, har wata ya zagayo kafin hula ɗaya ta kammala. Kuma galibi ba don sayarwa suke yi ba. Akwatin ɗinki ne na uwargida, firam ne na hoton aure, wurin ajiye mataji ne na 'ya mace. Shi ya sa zuciya ta yi yawa a cikin zanen, shi ya sa kuma wani lokaci za ka ga haruffan farko na sunan mace da shekara a jiki.

To me ya sa aka iya laƙaba musu abin da ba su ba? Saboda kaɗan ne cikinsu suka rubuta sunansu. Mutumin da ya yi wa matarsa akwati bai ga dalilin sa hannu ba, ai duk gidan an san wanda ya yi. Shi ya rasu, matar ta rasu, jikoki suka kwashe kayan ɗaki suka kai gwanjo, dillali ya saya. Da ba wanda zai ce kakana ne ya yi, sai dillali ya ba da labarin da zai sa kaya su tafi. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Mutum ya kashe daren hunturu guda yana yi wa iyalinsa abin ƙauna, bayan shekara 50 a ce aikin wani mabaraci ne da ya wuce. Talauci ba abin kunya ba ne, yawon neman abinci ma haka. Amma a raba mutum da aikinsa zalunci ne, ko da bayan ransa ne.

Aikin ya mutu ne da katakon ya yanke. Mutane suka koma shan sigarin takarda, kamfanoni suka koma zuba taba a kwali, kantuna kuma suka cika da kayan ado masu araha na masana'anta. Sai a shekarun 1970 masu tara kayan tarihi suka farga, wata masaniyar tsofaffin kaya mai suna Helaine Fendelman ta fitar da littafi a kansa a 1975. A 2017 gidan adana fasahar gargajiya ta duniya da ke Santa Fe, a jihar New Mexico, ya yi babban baje-koli a kan wannan aiki, da kaya daga Amurka da Turai da wasu ƙasashe, kuma babban abin da aka sa a gaba shi ne warware wancan labari na 'yan gararamba. Yau abin da aka yi da sharar bayan kanti yana cikin gilashi, ana hana mutane taɓawa.

Ban rubuto don in ce mu kwaikwayi Turawa ba. Muna da masassaƙanmu tun kafin a san akwatin taba, masu fafe turmi da ƙirya, masu fere allo da aduwa, masu akushi da koshiya da sirdi. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano ya ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, ko ya ga kujeru da ƙofofin Nufawa da aka cika da zanen wuƙa, ya san ba a bar mu a baya ba wajen sarrafa itace. Sai dai duk wannan sassaƙa tana bukatar gungume, gungume kuwa ƙarewa yake. Mun ga yadda aka yi wa madobiya wawa a Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa China, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare dabbobi da tsirrai daga ƙarewa, ke taƙaita cinikinsu a 2017. Ita wannan hanya da na bayyana ba ta bukatar a sare ko reshe. Abincinta guntu ne, wanda bai kai tafin hannu ba ma yana da amfani. Kuma da yake asalin adon layi ne da kusurwa, ba sai an sassaƙa surar mai rai ba, ba abin da zai hana Musulmi yin ta hankalinsa kwance.

Na gwada da yaran shagona, kuma ga abin da na gani, don amfanin 'yan'uwana kafintoci. Guntayen maɗaci da suka bushe sosai suna karɓar wuƙa da kyau, haƙorin yana fita tsaf, sai dai a tsaga su sirara a goge kafin a fara. Malaina ta fi sauƙi ga mai koyo, kuma da yake fara ce tana yin kyau idan an musanya ta da maɗaci hawa bayan hawa. Filawud ba ya yi ko kaɗan, fatar samansa tana ɓarewa da zarar wuƙa ta shiga, haka ma katakon nan na garin itace da aka matse, wanda yanzu ya cika kasuwa, shi marmashewa yake. Katakon da ake jera kaya a kai cikin kwantena yana yi idan an zaɓi marar ƙulli, amma a duba tambarin da ke jikinsa: wanda aka rubuta HT da zafi aka kashe ƙwarinsa, wanda aka rubuta MB kuwa da hayaƙin guba aka yi, ni ba na barin yara su taɓa shi. Wuƙa ta zama gajeren baki, mai kaifin aska, a riƙa wasa ta akai-akai, domin dakusasshiyar wuƙa ce ke zamewa ta yanki yatsa. A yanka haƙoran kafin a manna, kada a manna sannan a ce za a yanka. Farin gam na kafinta ya wadatar, amma a shafa shi kaɗan, don idan ya tsatso cikin loko ba ya gogewa, kuma banish ba zai kama wurin ba.

Abin da ban zata ba shi ne abin da aikin ya yi wa yaran kansu. Akwai wani a cikinsu mai gaggawa, wanda kullum sai na mayar da shi ya sake haɗa kusurwa. Da na ba shi falle da wuƙa, da kansa ya ga cewa loko ɗaya da ya karkace yana tona asirin layin duka, ba sai na yi faɗa ba. Yanzu shi ne ke yi wa abin ɗora Alƙur'ani ado, kuma hannunsa a sauran aiki ya natsu. Makarantunmu na koyon sana'a kullum kukansu babu kuɗin sayen katakon gwaji. Wannan darasi ba ya cin komai sai abin da ake sharewa daga ƙasan benci, kuma ina ganin ya cancanci a sa shi a zangon farko, kafin a miƙa wa yaro zarto.

Ba zan yaudari kowa ba cewa akwai arziki a ciki nan take. Idan aka lissafa awannin da akwati ɗaya ke ci, kasuwarmu ba za ta biya ba tukuna, musamman ga akwatin roba na China a gefe ana sayarwa da araha. Amma na ga mata suna juya ɗan akwatin sarƙa da 'yan kunne a hannu suna tambayar ko za a yi musu irinsa cikin kayan ɗakin 'ya'yansu, kuma masu sayen hula mai aikin hannu sun nuna cewa akwai waɗanda suka san bambanci kuma suke biya.

Roƙona gare ka biyu ne, Malam Edita. Na farko, ka tura wakilanka wajen masassaƙa da kafintoci da masu zanen ƙwarya, a Kurmi da sauran kasuwanni da ƙauyukan da ake wannan aiki. Idan sun je kada su dawo mana da hoton kaya a jere da rubutun "wani mai sana'a" a ƙasa. Su tambayi sunan mutumin, da na wanda ya koya masa, da irin itacen da yake aiki da shi, da inda yake samowa, a buga duka. Na biyu, ka taya ni isar da saƙo ga masu aikin hannu: duk abin da kuka gama, ku juya ƙasansa ku rubuta sunanku da garinku da shekara, da boko ko da ajami, da bakin wuƙa ko da ƙarfe mai zafi yadda ba zai goge ba. A shagona na mai da shi doka, ba abin da ke fita sai da sunan yaron da ya yi shi, ba nawa ba.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Tsohon malamin aikin katako,
Zariya, Jihar Kaduna.